Mai Kujerar Tsakiya

Wai Isiyaku alƙalin kurket ne, wasan nan da ake dukan ƙwallo da katako. Haka maiɗakina ta taɓa jiyowa a wani biki a unguwar Sharafiyya, nan ƙasar Larabawa da muke zaune. Na ce mata, Hajiya, Isiyakun namu? Wanda ko ƙwallon ƙafa bai san inda raga take ba?

Yau da safe aka bugo mini waya cewa Isiyaku ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bahaushen Sudan ne, maƙwabcina a Waziriyya, mai gadin wani sito a Madinar Masana'antu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba shi haihuwa ba. Lokacin da ƙafata ta matsa mini, shi ke ɗauko mini burodi mai zafi kowace safiya, ya rataye a ƙofa, ba ya ko ƙwanƙwasawa.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Alhamis ne. Na ce ya shigo mu ci tuwo.

Ya ce, "Alhaji, yau kam ba dama. Pakistan ta je Bangaladash, jerin wasannin kurket ne, yau na biyu. In ban zauna a tsakiya ba sai an fasa talabijin."

Na ce, "To sarkin sulhu. A gai da Majalisar Ɗinkin Duniya."

Ya yi dariya. "Ka zo ka gani mana, tsohon banza."

Na ɗauka irin zancen mai kaɗaici ne.

Da labarin ya iso yau, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: wa zai ɗauki gawarsa? Ranar aiki ce, yaranmu duk suna wajen kafilansu, wato iyayen gidansu na aiki, mu da muka rage tsofaffi ne masu sanda. Na yi ta buga waya ina cewa, ku taimaka, bawan Allah ne da ba shi da kowa. Da bakina na faɗi haka. Ba shi da kowa.

Bayan la'asar muna tsaye a ƙofar masallaci, ko sahu guda ba mu cika ba, sai ga motocin ma'aikata suna tsayawa. Mutanen Pakistan da na Bangaladash suka dinga saukowa da kayan aiki a jikinsu, wasu da maiƙo a hannu, suna neman wajen alwala. Har muka isa kabari kafaɗata ba ta sami makarar ba.

A maƙabarta wani mai furfura ya riƙe hannuna, ya yi mini bayani da irin Larabcinsu na wurin aiki. Ya ce talabijin ɗaya ke ɗakin cin abincinsu. Duk lokacin da ƙasashen nan biyu suka haɗu, sai ɗakin ya rabu, kowa da ɓangarensa, har an taɓa jifa da faranti. Sai suka ajiye kujera a tsakiya suka ba Isiyaku, tunda ba shi da ƙasa a wasan. Rimot a hannunsa yake zama. In aka yi gardama, shi ake kallo. Ranar Juma'a da safe kuma, in suka fita fili yin nasu wasan, shi ke tsayawa alƙali, hulunan 'yan wasa a jibge a kansa.

Mai furfurar ya ce, "Gobe wasa na uku, ya Hajji. Mun yanke shawara ba za mu kunna ba."

Na rasa inda zan sa idona. Mu da muke yare ɗaya da shi, muke cin tuwo a kwano ɗaya, mu ne baƙi a jana'izarsa.

Allah Ya gafarta maka, Isiyaku. Yadda ka zauna tsakanin bayinSa don kada su ɓata, Allah Ya zaunar da kai a inuwarSa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ko ta minti ɗaya ce.

Hajiya, kin yi gaskiya. Shi ma ya faɗa mini ban ji ba. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, mai furfurar nan, sunansa Rafiƙ, mutumin Bangaladash, ƙurar kabarin Isiyaku na hannunsa.