Ranar da Ƙanena Ya Tayar da Jirgi a Filin Ƙwallo

A shekarar da aka turo ni koyarwa Safana daga garinmu Batsari, ƙanena ya kawo mini ziyara ana tsakiyar damina. Shi ɗaukar bidiyon biki yake yi a birni, kuma ya zo da wani ɗan jirgi mara matuƙi mai kamara, bai fi faifai faɗi ba. Ranar ana wasa tsakanin unguwanni a filin ƙwallo na bakin gari, inda jama'a ke shan iska bayan la'asar. Ya ce zai ɗauko mana wasan daga sama. Ban ga aibun haka ba.

Da abin ya tashi, ƙararsa kamar ta taron zuma, 'yan kallo suka hau tafi. Amma matan da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a gefen fili, yawancinsu waɗanda suka gudo daga wajen Ruma saboda 'yan bindiga, ba su tsaya kallo ba. Suka suri 'ya'yansu, suka bar farantai a ƙasa, suka yi cikin gari.

Wani dattijo ya kama hannun rigata.

"Malam, na wane ne wannan?"

"Na ƙanena ne, Baba. Hoto kawai yake ɗauka."

"Mu dai ba mu taɓa ganin abu ya yi shawagi a kanmu alheri ya biyo baya ba. Ku saukar da shi."

Kafin jirgin ya sauko, 'yan sintiri sun iso a kan babura. Na san shugabansu, 'yarsa tana ajina, amma ranar gaisuwarmu ba ta yi tsawo ba. Ya ce a nuna masa abin da aka ɗauka.

Muka duƙa a kan wayar ƙanena. Ga fili, ga rufin gidaje, ga rumfar da su 'yan sintirin ke zama, har da hanyar da ta ɓulle ta bayanta. Sai hoton ya juya yamma. Can bayan gonakin gero, a gindin wata tsamiya, ga babura a jere, mutane zaune kusa da su, sun fuskanto gari.

"Maido baya," in ji shugaban.

Ƙanena ya maido. Aka tambayi kowa, babu wanda ya san mutanen, alhali mai gonar da ke kusa da tsamiyar ma yana cikinmu. Ba a ƙarasa wasan ba.

'Yan sintirin suka riƙe ƙanena suna yi masa tambayoyi, sai da shugaban makarantarmu ya zo ya tsaya masa. Suka cire katin hoton, suka ba shi jirginsa. Washegari da safe na raka shi tasha, ya ce mini, "Yaya, ka nemi canjin wurin aiki."

Ranar Juma'a aka yi sanarwa bayan salla: kada wanda ya sake tayar da irin wannan jirgi a filin ƙwallo, ko kasuwa, ko filin idi, ko wurin biki, sai da izinin jami'an tsaro. Wasu suka ce ai jirgin ne ya tona asirin baƙin. Wasu suka ce idan namu ya hango su, to nasu ma zai hango mu.

Da 'yan sintiri suka je gindin tsamiyar, sawun taya kawai suka tarar. Geron da ke wannan yanki ya nuna, masu shi suka riƙa zuwa girbi a ƙungiya, kuma tun kafin azahar suke dawowa gida.