Munduwar Malama

A makarantar makafin da aka tura ni bayan na gama jami'a, akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, na yaran da ba sa gani kuma ba sa ji. Malama ce ke riƙe da shi. Tun tana budurwa ta shiga aikin, saboda ƙaninta makaho da ya rasu bai taɓa zama a aji ba. A ɗakin nan ta yi furfura. Mijinta yakan ce shi makaranta ya aura, matar aro ake ba shi.

Ranar farko ta kama yatsuna ta duba. "Ɗiyata, yanke faratan nan. Yara za ki taɓa, ba ƙaiƙayi za ki sosa ba."

A ɗakin, kowane babba yana da alama a wuyan hannu, ita ce sunansa. Yaro zai shafa ya san wanda ya zo, sannan ya buɗe tafinsa a yi masa magana da yatsu. Tawa igiya ce mai ƙulli. Ta Malama tsohuwar munduwar tagulla ce mai tsagi. Dokarta ɗaya ce: ba a aron alama. "Ido ka yi masa wayo ya manta," in ji ta. "Hannu ba ya yafewa."

Akwai yarinyar da muke kira Kurciya, saboda gurnanin da take yi in ta ji daɗi. An kawo ta tana cizo, tana buga kai da bango. Malama ta sha fama shekara da shekaru kafin yarinyar ta iya cewa ruwa, abinci, bayi, ciwo. Amma munduwa kaɗai take buɗe wa tafinta. Ni da ta shafa igiyata sai ta ture ni.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malama, hannun dama ya mutu. Kurciya ta daina cin abinci. Shugaban makaranta ya ce in abin ya ci gaba za a mai da ita gida, inda a da ake kulle ta a ɗaki.

Na je asibiti na faɗa wa Malama. Ta sa ɗanta ya zare munduwar ya miƙo mini.

"Mama, ke fa kika hana," na ce.

"Na sani," ta ce, bakinta a karkace. "In bar ta da yunwa don in cika magana? Sa ki tafi, sarkin tsoro."

Na sa. Kurciya ta shafa tsagin, ta yi gurnanin nan nata, ta rungume hannuna. Sannan yatsunta suka gangaro kan nawa. Ba su tarar da kaushin Malama ba, ba su tarar da karkataccen ɗan yatsanta ba. Ta koma kan munduwar, ta sake gangarowa. Sai ta janye hannayenta ta cusa su a hammata.

Da aka sallami Malama ta sa aka turo ta makaranta a keken guragu, munduwar ta koma hannunta na hagu. Ta goga wa yarinyar tsagin a gwiwar hannu, a kafaɗa, a kumatu. Kurciya ta juya fuskarta bango.

"Shi ke nan," in ji Malama. "Yanzu ba ni da suna a wurinta."

Kawun Kurciya ne ya zo ya ɗauke ta. Ko a bakin mota hannayen suna hammata, sai cicciɓarta aka yi. Malama ba ta sake zuwa makarantar ba.

Ni ke riƙe da ɗakin yanzu. Kullum da safe nakan ɗaura igiyata, in miƙa wa yaran hannuna su shafa.