Rediyon Gidan Burodi

Rediyo ake ce mata a gidan burodin, kuma ba ƙazafi aka yi mata ba. Uwarta kan ce da baki aka fara halittarta, sauran jiki ya biyo daga baya. Ta yi aure ta fito da yara biyu, ta yi tallan sabulu jari ya karye, sannan ta samu aiki a teburin kwaɓi, ta jawo ƙanwarta. Aikin na mutum biyu ne. Rediyo ta yanko kwaɓi ta cilla ko ɗaga kai ba ta yi, ƙanwar ta cafe daga ƙarshen tebur, ta aza a sikeli, ta mulmula ta jefa a gwangwani. Ɗaya na zuba surutu, ɗaya sai murmushi. Shekaru suka yi a haka.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ƙanwar, ba ta tashi ba.

Da Rediyo ta dawo aiki, hannunta bai samu labarin rasuwar ba. Ta yanko ta cilla, kwaɓi ya faɗi ƙasa tim. Kowa ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ce, "Da tana nan da bai taɓa ƙasa ba. Har da ciwon haƙori ta taɓa cafewa, kumatu ya kumbura kamar an zuba masa yis." Ta yi dariya, hawaye ya zubo, ta share da gefen hannu ta ci gaba da labarin.

Haka kullum. Mutane kuwa ka san su. Za su taya ka kuka ranar farko, amma ka ambaci mamaci bayan wata biyu, sai a fara kallonka kamar ka shigo da wari. "Haƙuri, haƙuri," in ji su. Ni dai ban ga kalmar da ake toshe wa mutum baki da ita kamar wannan ba. Rediyo ta kan ce na gode, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Rannan mai gidan burodin ya kira ta ofis.

"Baiwar Allah, wanda ya tafi ya tafi. Ma'aikata sun ce kina kashe musu jiki. Ko ki rufe zancen nan, ko ki ajiye rigar aiki."

Da aikin nan take ci da yaranta da tsohuwarta. Amma ta gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, na ƙona maka burodi?"

"A'a."

"Na taɓa makara?"

"Ba wannan ake yi ba."

"To haƙuri na yi shi, ban ce wa Allah don me ba. Amma an binne ta sau ɗaya, ya isa. Ba zan sake binne ta a bakina ba."

"Shi ke nan, ki ajiye rigar."

Ta cire ta ninke tsaf. Maimakon ta nufi ƙofa, sai ta koma ciki ta bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya gaban mai kula da tanderu: "Ranar da ka ƙone a hannu, wa ya ɗaure maka?" Ya kasa ɗaga ido. Ta juya ga mai sa burodi a leda: "Lokacin da ɗanki ke asibiti, wa ya yi aikinki ya haɗa da nasa, bai faɗa wa kowa ba?" Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Injin kwaɓi yana ta juyawa, ba wanda ya tuna ya kashe shi.

Maigidan yana tsaye bakin ofis, ya harɗe hannu. Shi ta bari na ƙarshe.

"Kai ma ta yi maganarka. Kullum cewa take, 'Yaya, ki daina yi masa tsiwa, mutumin kirki ne.' A duk zaman da muka yi da yarinyar nan, nan kaɗai na taɓa kama ta da kuskure."