Filazmar Shagon Ɗinki

Ni tela ne, kuma abin da ake faɗa a kan alƙawarin tela akwai gaskiya a ciki, ba zan yi gardama ba. Shagona yana kan hanyar shiga kasuwar Ƙanƙara: ɗaki ɗaya, keke ɗaya, teburin yanka, da wani dogon benci da ya sha zaman masu fushi. Mutum zai kawo yadi in ce mashi Laraba. Ranar Laraba ya zo in ce saura maɓalli. Ranar Asabar ya dawo ya hango yadinshi a naɗe yadda ya kawo shi, sai ya zauna bisa bencin nan ya ce ba inda za shi sai an gama. Wannan zaman shi ne azabata. Ba zagi, ba faɗa, ido kawai. Ina taka keke ina jin idon mutum a goshina kamar an ɗora mani dutsen guga.

Tsallaken hanya akwai wani mai aski da ya rataye talabijin irin shafaffen nan na bango, wanda duk muke kira filazma. Na daɗe ina lura da shi. Mutum zai yi awa biyu yana jiran layi a wurinshi, in aka ce ya taso an zo kanshi har cewa yake a fara yi ma wani. Sai na yi nazari irin na masu ilimi, na gano cewa ba jinkiri ke ɓata ma mutane rai ba, rashin abin kallo ne. A shagona ba su da abin kallo sai ni.

Da kaka ta yi na sayar da ɗan waken suyan da na noma, na shaida ma maiɗakina abin da na ƙudurta, wato sayen filazma.

Ta ce, “Malam, da ka riƙa gama ma mutane ɗinkinsu ai ya fi araha.”

Na ce mata mace ba ta san kasuwanci ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tankaɗenta.

Labari ya bazu a benci, kowa ya zama masani. Wanda ko rediyo ba shi da ita ya ce kada in kuskura in sayi ƙasa da inci hamsin. Wani direba ɗan Damari ya ce a duba bayanta, in ta cika zafi to ta jabu ce. Wani ya ce akwai wadda ake ma magana ta amsa. Ni dai na ɗauko tef ɗina na auna bangon da ke tsakanin taga da inda nake rataye ɗinkakkun kaya, na samu inci talatin da huɗu. Na yanke shawara a kan mai talatin da biyu, a bar inci ɗai-ɗai a gefe, kamar yadda ake barin rara a kafaɗar riga.

Ana haka Kawu ya zo cin kasuwa daga Daudawa. Ƙanen mahaifiyata ne, dillalin shanu, mutumin da bai taɓa yarda da kuɗin farko da aka faɗa mashi ba ko da na kunu ne. Da ya ji zan tafi Funtuwa sayayya sai ya ajiye sandarshi.

“Kai kaɗai za ka tahi? Da wannan fuskar taka ta mai biyan duk abin da aka ce? Gobe da ni za a.”

Washegari da hantsi muna cikin wani babban shagon kayan wuta a Funtuwa. Bango guda cike da filazma, duk a kunne, duk suna nuna wasu kifaye masu launi suna yawo cikin ruwa. Akwai wata da ta kai ƙyauren shagona girma. Na tsaya gabanta na saki baki. Mai shagon, wani ɗan gayu mai turare, ya matso ya faɗi kuɗinta a hankali kamar mai yi mani ta’aziyya. Na lissafa a zuci na ga sai na haɗa da keken ɗinkin da gonar. Na ce mashi ai dama bangona ne ba zai ɗauka ba.

Kawu kuwa bai kalli kifi ko ɗaya ba. Ya zagaya bayan wata, ya shafa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya leƙa ta gefe ya ga sirantarta, ya girgiza kai.

“Wannan ai ba ta da nama. Kuɗin na mene ne?”

“Baba, sirantar ita ce tsadar.”

“To, duniya ta juya. Mu a wurinmu ramammiya ita ake ragi.”

Na ce a nuna mani mai talatin da biyu. Aka sauko da ita sabuwa fil, da lambarta manne a goshi. Kuɗinta ya ɗan fi abin da ke aljihuna, amma na san da Kawu a kusa za a sauko. Ya taya da rabin kuɗin. Mai shago ya ce albarka. Kawu ya ja hannuna muka fita har bakin titi, muka tsaya muna jiran a kira mu. Ba wanda ya kira mu. Muka ƙara minti biyar muna kallon masu babura, sannan Kawu ya ce ya manta hularshi a ciki, alhali tana bisa kanshi, muka koma.

A nan ne hannuna ya yi abin da ya saba. Tef ɗina ba ya rabuwa da wuyana ko gidan biki za ni. Ina tsaye ana ciniki sai na ja shi na ɗora daga gefen filazmar zuwa ɗaya gefen. Ashirin da takwas da ɗan ɗoriya. Na sake aunawa. Haka dai.

Jinina ya hau. Shekara ashirin ana zargina da rage yadin mutane, yau ga ni na kama wani da hannuna.

Na ce, “Malam, dakata. Nawa ka ce wannan?”

“Talatin da biyu.”

“To zo ka karanta da bakinka.”

Kawu ya leƙo. Bai iya karanta tef ba, amma ya iya gane ranar da Allah ya ba shi makami. Ya ɗaga murya har masu shagunan kusa suka fara leƙowa.

“Inci huɗu! Ina kuka kai su? Mun taho tun daga Ƙanƙara, a zaftare mamu inci huɗu da rana tsaka? Wannan da kake gani tela ne, tef a hannunshi ya tsufa!”

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina aunawa ina shelantawa. Mai arba’in da uku ta ba ni talatin da takwas. Mai hamsin da biyar ko hamsin ba ta cika ba. Mutane suka taru a ƙofa, wani yana cewa dama ya daɗe yana zargin tashi ta gida. Na ji kaina ya yi girma. Har na fara tunanin yadda zan ba da labarin a benci.

Mai shagon bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mani rai ke nan daga baya. Ya ce, “Ara mani tef ɗin, Malam.” Ya kama bakinshi ya ɗora a kusurwar sama ta hagu, ya ja shi a karkace har kusurwar ƙasa ta dama, ya matsa gefe don kowa ya gani. Talatin da biyu cif.

“Haka ake auna ta duk duniya,” in ji shi. “Daga kusurwa zuwa kusurwa.”

Kifayen nan dai suka ci gaba da yawonsu. Wani daga ƙofa ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Na juya wurin Kawu neman agaji, sai na ji yana ce ma na kusa da shi, “Ni dama tun a mota nake ce mashi ya bi a hankali. Yaran yanzu ba su jin magana.” A lokacin shekaruna arba’in da shida.

Na naɗe tef ɗina na cusa a aljihu. Abin da kawai na iya cewa shi ne, da haka ake auna yadi da tuni na gina bene.

Bayan an gama dariya aka dawo kan ciniki, kuma a nan na gane sayen doki daban, sayen sirdi daban. Sai an haɗa da faranti mai kamo tashoshi, da akwatinshi, da waya, da ƙarfen da za a rataye ta. Kafin a gama jero su, mai talatin da biyu ta fi ƙarfina nesa. Mai shago ya jawo wata ta hannu daga lungu, babba, mai arba’in, ya ce zai bar mani ita da sauƙi. Da aka kunna sai ga wani koren layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa. Ya ce in na saba ba zan riƙa ganinshi ba. Har zuciyata ta fara karkata, don girmanta zai rufe bakin mai aski.

Sai Kawu ya yi tambayar da ita kaɗai ce mai amfani a duk tafiyar.

“Tsaya. Me take ci?”

“Wuta, Baba.”

“Wace wutar? Ta layinsu da ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya? In ba wuta fa?”

“Sai janareta.”

“Wato a saye ta, a saya mata mai ciyar da ita, shi ma a riƙa ciyar da shi.” Ya juyo gare ni. “Ba ka da wani abu bisa rufin shagonka?”

Ina da shi: ɗan faifan sola da batir da nake kunna ƙwan fitila biyu da cajin waya. Mai shago ya ce in haka ne akwai wadda ke aiki da batir kai tsaye, sai dai ƙarama ce, ashirin da huɗu. Ya ɗauko ta da hannu ɗaya. Ban auna ta ba. Kawu ya yi ciniki har sai da mai shagon ya haɗa mamu da ƙarfen ratayewa kyauta don mu tafi, a mota kuma ya karɓi la’adarshi, tsire da lemo.

Da aka rataye ta a bangon da na auna ma talatin da biyu, sai ta zauna a tsakiya kamar tambarin wasiƙa. Mai aski ya tsallako ya duba, ya ce, “Ma sha Allah, ashe tawa ta haihu.” Amma dabarata ta ci. Cikin mako guda masu fushi suka daina kallona. Mutum zai zo da zafinshi, ya zauna, a nuno dambe ko ƙwallo, sai a ji yana cewa, “Tela, kada ka gaggauta, yi a hankali ya yi kyau.” Benci ya cika har da waɗanda ba su taɓa kawo mani ko facin wando ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ni ma ina da ido, kuma teburina yana fuskantar bangon nan.

Akwai wani dattijo, Alhaji, manomi daga ’Yargoje, da ya kawo mani farar shadda mai tsada zai sa ranar sunan jikanshi. Ranar da na shimfiɗa ta zan yanka, ana nuna wani dambe da aka daɗe ana jira. Na ninka shaddar, na zana wuya da alli, na ɗauki almakashi. Daidai nan wani ɗan dambe ya kai ma abokin karawarshi hannu, shago ya ɗauki ihu, ni ma na yi ihu, almakashi kuma ya ci gaba da aikinshi. Da na warware sai na ga na tsaga wuyan gaba da baya duka, tsaga ɗaya, tsawo ɗaya, har ƙirji.

Na ɓoye ta ƙarƙashin tebur kwana uku ina addu’ar a ɗaga sunan. Ranar Alhamis Alhaji ya zo. Ya gaisa, ya zauna, ya kalli labarai, ya kalli wani shiri na noman rani har ya yi gardama da mai gabatarwa. Na fara sa ran zai manta abin da ya kawo shi. Da aka kira la’asar sai ya miƙe ya ce, “To, Malam, a ba ni kayana.”

Ba yadda zan yi, na jawo na miƙa mashi. Ya ɗaga rigar ya duba gaba, ya juya ya duba baya, ya sake juyawa. Duk benci ya bar filazma ya koma kallonmu.

“Malam,” in ji shi, “ta ina ake shiga?”

Na fara kame-kame ina cewa almakashin ne ya yi kaifi da yawa. Ya ɗaga mani hannu.

“Gobe ka je ka sawo irinta, ka ɗinka kafin jibi. Wannan kuwa taka ce, Allah ya sa ka kashe lafiya. Amma ba zan bar nan ba sai an yi abu guda.” Ya dubi mutum biyu daga cikin masu zaman benci. “Ku kama mashi.”

Suka ɗaga keken da teburin suka juya su, fuskata ta koma kallon bangon baya, inda ba komai sai kalandar wani mai sayar da taki. Alhaji ya tsaya har sai da ya ga na zauna na taka keken, sannan ya tafi masallaci.

Haka nake aiki har yau. In aka yi ihu sai in tambaya wa ya ci, a faɗa mani, wani lokacin ma a yi mani ƙarya. Rigar sunan kuwa na gama ta tun daren jajibiri bai yi ba, wanda ban tuna rabon da in yi haka ba.

Waccan mai ƙofa biyu ban iya jefar da ita ba, shadda ce mai tsada. Na haɗe tsagar bayan, na bi ta da aikin zare ruwan ƙasa, na sa na tafi Juma’a. Muna fitowa mutum biyu suka tare ni suna tambayar ko sabon yayi ne daga Kaduna. Na ce masu e, amma yana cin lokaci. Ɗaya ya kawo yadinshi washegari.