Yadda Gwaggo Ludayi Ta Zaɓi Fasto

Shekara talatin da ɗoriya Gwaggo Ludayi ta yi tana girkin biki, amma ba ta taɓa ganin ɗaurin aure daga cikin coci ba. Wurinta bayan coci ne, tsakanin tankin ruwa da ɗakin da ake jibge karyayyun bencina, inda hayaƙin murhunta ya baƙanta bango har tsayin mutum. Can take kafa tukwanenta tun da sassafe, ta sha ɗamara, ta ɗauki ludayin nan mai dogon hannu da ya ba ta suna. Da shi take juya miya, da shi take nuna wa matan da ke taya ta aiki abin da za su yi, da shi kuma take buge hannun duk wani dangin ango da ya leƙo wai ya zo ya ɗanɗana ko gishiri ya ji.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, autan ko yaye shi ba a yi ba. Da tukunya ɗaya ta fara, ita ma ta maƙwabciya ce. Da girkin nan ta raine su, ta aurar da uku, kuma ko a bikin nasu a bayan coci ta wuni, don ba ta yarda wani ya taɓa mata wuta ba.

Akwai wata taga a bayan mumbari wadda gilashinta ɗaya ya fashe tun da daɗewa, ba a gyara ba. Ta nan Gwaggo take jin duk abin da ake yi a ciki. Saboda haka ta san fastocin cocin ciki da waje, sai dai ita ba ta fuskar ilimi take auna su ba, ta fuskar shinkafa ce.

Su biyu ne. Babban tsoho ne, dogo, mai sanyin murya, ba ya iya minti goma a kan mumbari bai ce "a taƙaice" ba. Kowa Baba Fasto yake ce masa, ita kuwa a bayan idonsa Fasto A-Taƙaice. In ya faɗi ta farko, ta wanke shinkafa. In ya faɗi ta uku, ta zuba a ruwa. Ta biyar, ta sauke. Matsalar ita ce wani lokaci yana kaiwa ta tara, abinci ya huce, man miya ya daskare, baƙi su fito da yunwa da fushi su ce mai girki ce ba ta iya ba. Ƙaramin faston kuwa saurayi ne mai babur, ta sa masa Fasto Walƙiya. Minti ashirin da biyar ya gama komai. An taɓa yin bikin da ya ce sun zama mata da miji alhali abokin ango yana can yana laluben zobe a aljihu. Amma da shi mai girki ta san inda ta dosa, kuma abinci yana isa gaban mutane da zafinsa.

Gwaggo ba ta taɓa faɗin mummunar kalma a kan bawan Allah ba, wannan kowa zai shaide ta. In iyayen amarya sun zo gidanta maganar girki, takan tambaya ne kawai wa zai ɗaura. In suka ce Baba Fasto, sai ta ajiye abin da ke hannunta a hankali, ta yi ajiyar zuciya, ta ce madalla, mutumin kirki ne. Can kuma ta tambaya ko a dangin ango akwai mai ciwon suga, ta ba da shawara a zo wa tsofaffi da matashin kai, masu goyo kuma su zauna kusa da ƙofa. Kafin mutane su kai gida sun sake shawara. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya. Jana'iza da sujadar Lahadi suna hannun Baba Fasto, Asabar kuwa ta koma ta Walƙiya.

A duk bikin da Gwaggo ta yi girki, akwai wani gajeren mutum mai sanƙo da ke ba da hayar kujeru da rumfuna, kowa Mai Kujeru yake ce masa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Shi da Gwaggo sun kai shekara ashirin suna faɗa a kan abu ɗaya: shi ya ce hayaƙinta yana ɓata masa fararen rumfuna, ita ta ce ya je ya kai ƙarar iska. Wata Asabar ruwa ya tsuge ana tsakiyar girki. Ba wanda ya roƙe shi, ya ciro rumfarsa mafi sabunta ya kafa a kan murhunta, ya tsaya riƙe da ƙarfen har shinkafa ta nuna. Da aka zo rabo ta miƙa masa faranti ba ta dube shi ba. Ya sa cokali, sai ya tarar da nama guda uku binne a ƙarƙashin shinkafar. Matan da ke taya ta aiki suka dubi juna, don sun san ban da 'ya'yan cikinta ba ta taɓa binne wa kowa nama ba.

Bayan wata uku suka tara 'ya'yansu suka faɗa musu za su yi aure. Babbar 'yar Gwaggo ta yi dariya har ta zame daga kujera, daga nan ta fashe da kuka, sannan ta share hawaye ta yi tambayar da dukan ikilisiya za ta yi washegari: to, wa zai ɗaura?

Mai Kujeru ya ce Walƙiya mana, gwiwoyinsa ba sa son dogon zama, kuma da yamma akwai wani bikin da ke jiran kujerunsa. Gwaggo ma haka ta ɗauka. Ta shirya ranar Talata ta je ofishin ƙaramin faston. Ta same shi a tsaye da hular babur a hannu. Ya gaishe ta da fara'a, ya jawo takarda, ya tambayi rana da lokaci, ya rubuta, sannan ya ce sai ta turo amaryar su gana, 'yarta ce ko jikarta? Gwaggo ta ce masa amaryar ce a gabansa. Ya ba da haƙuri har sau uku, ya taya ta murna, ya dubi agogo. Duka ganawar ba ta kai tafasar ruwan shayi ba.

Ta fito ranta a jagule. A hanya ta tuna aurenta na fari, a ofishin rajista aka ɗaura ranar aiki, kafin rana ta raba mijin ya koma shago. Ta yi ta sauraron alkawarin ɗaruruwan amare ta fasasshen gilashi, ga nata ya zo, za a gama shi kafin benci ya ɗumama a ƙarƙashinta. Ta ga ofishin Baba Fasto a buɗe, ta ce bari dai ta leƙa ta gaishe shi don ladabi.

Ɗakin cike yake da littattafai, fanka tana ƙara a sama, a bakin taga kuma an jera gwangwanaye da 'yan tsiron tumatir. Ya ba ta kujera, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya ji labari mai daɗi. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Gwaggo, na daɗe ina neman dama in yi miki godiya."

Ta tambaya godiyar me.

"Ta Asabar ɗina da kika kwashe."

Ludayi ba ya hannunta, sai ta rasa inda za ta sa hannun. Ya ce tun shekara ta biyu wata uwar amarya ta zo ta faɗa masa komai, har maganar matashin kai. Da fari abin ya yi masa ciwo, har ya zauna ya rubuta wa'azi a kan harshe. Amma a Asabar ɗin da ya gama rubutun ya ci abincin rana ya kishingiɗa, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana makaranta. Yanzu yana da lambu a bayan gida, yana da zomaye goma sha huɗu. Saboda haka in ta zo ne don ya ɗaura mata aure, ta yi haƙuri, Asabar ba shi da sarari.

Ba don haka ta shigo ba, amma da wannan niyyar ta fita. Tunda take, ba a taɓa ce wa Gwaggo Ludayi a'a a harkar biki ba. Ta isa gida ta ce wa Mai Kujeru Baba Fasto ne zai ɗaura, in gwiwa ce matsala ai shi ne mai kujeru, ya zaɓi mai laushi.

Washegari ta nufi gidan faston a lokacin da ta san ba ya nan. Ta tarar da Mama Fasto tana guga. Ba ta ɓoye mata komai ba. Mama Fasto ta kashe dutsen guga ta dube ta.

"Ashe ke ce. Wa'azin nan da kika hana jama'a ji, kin san wa yake shan sa duk Asabar? Ni. Har kicin yake bina da shi. In na gudu sai ya yi wa zomaye."

A nan suka ƙulla. Da yamma Mama Fasto ta sanar da mijinta cewa matan coci za su fara ɗinkin sababbin labulen coci a falonsu, mata ashirin da keken ɗinki uku, kowace Asabar daga hantsi zuwa la'asar, har sai an gama, kuma tagogin cocin suna da yawa. Asabar ɗaya ya jure. Ranar Litinin ya aika a kira Gwaggo. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: ranar auren, daga fitowar rana har faɗuwarta, ba za ta taɓa ludayi ba, ba za ta taka bayan coci ba. Ta ɗauki alkawari a gaban matarsa.

Ta damƙa girkin a hannun ƙanwarta, ta kai ta har bakin tagar ta nuna mata inda za ta tsaya. Ta ja mata kunne sosai: kada ta kuskura ta zuba shinkafa sai ta ji "a taƙaice" ta uku, ko da sama za ta faɗo.

Ranar ta zo. Gwaggo ta shiga ta babbar ƙofa, babban ɗanta yana riƙe da hannunta, mawaƙa suna rerawa. Aka zaunar da ita a gaba. Ƙafafunta ba su saba zama da rana ba, sai motsi suke a cikin sabon takalmi. Da aka zo alkawari, muryar da ke tsawata wa mata goma a bakin murhu ta ƙi fitowa, sai da faston ya sunkuyo ya ce ta maimaita. Mai Kujeru ya sa mata zobe.

Baba Fasto ya hau mumbari, jama'a suka gyara zama, wasu har sun zare takalma. Ya karanta aya biyu, ya rufe Littafi Mai Tsarki.

"Waɗannan biyun shekara ashirin suna faɗa a bayan cocin nan," in ji shi. "Ina jin su ta tagar nan, domin ba daga waje kaɗai ake ji da ita ba. A cikin shekarun nan ban taɓa jin ɗayansu ya tafi ya bar ɗan'uwansa da aiki ba. Ba ni da abin da zan koya musu. Mu yi addu'a."

Minti bakwai ke nan har da addu'ar. Bai ce "a taƙaice" ko sau ɗaya ba.

Jama'a suka fito suna mamaki, suka nufi rumfuna. A bayan coci ƙanwar Gwaggo tana nan maƙale da taga tana jira, shinkafa ko wanke ta ba a yi ba. Labari ya iso wa amarya. Ta tattare rigarta ta juya za ta yi baya, sai ta ji gyaran murya a kusa da kafaɗarta. Baba Fasto ne, yana nuna mata rana da yatsa, tana can tsakiyar sama. Gwaggo ta koma ta zauna.

Sai ya karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa. Ya ce tunda ya ji abinci da ɗan saura, bai kamata a zauna haka kawai ba, bari ya ƙara kalma biyu, a taƙaice.

Awa ɗaya da minti arba'in ya yi. Babu wanda ya iya tashi, don ƙamshin soyayyar albasa ya riga ya cika wurin, kowa yana ganin saura kaɗan. Fasto Walƙiya ya dubi agogo har ya gaji ya cire shi ya sa a aljihu. Mama Fasto ta jingina kai ta yi barcinta cikin kwanciyar hankali. Gwaggo kuwa da fari ta cika ta batse, idonta a kan hayaƙin da ke tashi daga bayan coci, tana ganewa daga launinsa cewa icen ya yi yawa. Can kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da mayafi tana dariya har hawaye. Daga baya ta nutsu ta saurara. Tsohon yana magana ne a kan tsufa tare, yadda mutum biyu ke koyon tafiya da saurin wanda ya fi rauni a cikinsu. Mai Kujeru, wanda kujerunsa suka riga suka makara a ɗaya bikin, ya kama hannunta a ƙarƙashin tebur, ita kuma ba ta janye ba.

Shinkafar ta ɗan caɓe. Kowa ya ce ta yi daɗi, Gwaggo ta ce yunwa ce.

Har yau tana girkin biki, kuma in an zo tana tambaya wa zai ɗaura, sai dai ta rage ajiyar zuciya. Baba Fasto yakan karɓi aure ɗaya ko biyu a shekara, sauran ya ce zomaye ba su da lafiya. Hoton bikin yana rataye a falon Mai Kujeru, a saman rediyo. A ciki kowa yana kallon mai hoto ban da amarya, ita ta karkata kai tana kallon hagu, inda hayaƙi ke tashi daga bayan coci. Duk baƙon da ya tambaya, Mai Kujeru yakan ce shi take kallo. Shi kuwa a damanta yake tsaye.