Tsagar Rufewar Tibiri

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da wan matata, bisa motonsa, wato babur. Shi ke tuƙi. Ni na bar tuƙi tun ranar da jiri ya kayar da ni gaban masu shayi a Sabon Garin Maraɗi, ana yi mini sannu ana danne dariya.

Ga waɗanda ba su da labari: shekara biyu ke nan kunnena na hagu yana ƙara kamar gyare ya shige ciki, ji kuma yana raguwa. An tura ni Yamai, aka cusa kaina cikin injin hoto, lokotoro, likita ke nan, ya ce wani ɗan ƙari ne bisa jijiyar kunne, bai kai ƙwayar gujiya ba, kuma ba ciwon daji ba ne. Na ce to a cire. Ya ce a'a, a yanzu aikin ya fi barinsa haɗari, in dawo bayan wata shida. Na koma, abin bai motsa ba, ya ce sai kuma shekara. Ko ƙwayar magani bai ba ni ba. Takarda kawai, da rana a rubuce.

Ni mai awon gero ne. Abin da na sani, in ƙwaro ya shiga buhu a zazzage a shanya. Ban taɓa jin an ce ga ƙwaro, zauna ka yi ta kallonsa ba. Sai na tsiri murza yatsu bakin kunne in ji ko jin ya ragu, sau hamsin a wuni, har da tiya a hannu mai saye yana jirana. Abinci ya fita raina. Yarana suka daina wasa inda nake. Shi ya sa na nufi Tibiri, wurin wani tsoho da na daɗe ina sayen gero hannunsa, cikin masu riƙe da gargajiya, an ce ya san saiwoyi. Takardar Yamai tana aljihuna. Na yanke in ya ba ni abin ɗigawa a kunne, nan zan yage ta.

Hanyar Tibiri ba nisa, kwalta ce, sai dai manyan motoci ba su ɗauki mai moto mutum ba. Mun tsaya bakin gari muka sha man fetur kwalba ɗaya dala ɗari da ashirin na sefa, muka karya da koko da ƙosai na dala arba'in. Ƙosan Tibiri ya fi namu girma, wannan dole in faɗa ko da Gobirawa za su yi mini gori. Amalanken shanu suna ta fitowa da kara, gonaki an gama girbi, ko'ina dammunan gero a jingine.

Mun iske tsohon bayan gida yana cuɗa laka da ƙafa, shekara ta fi saba'in amma ƙwabrinsa kamar taɓarya. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya sa na juyo, ya leƙa kunnen, ya ce:

"Su da suka gan shi da ido sun ce a bari, ni da ban gani ba in ɗiga maka mi? Ku Katsinawa akwai gaggawa."

Na ce, "Baba, ni dai a yi wani abu. Zaman ne ke kashe ni."

Ya fito daga cikin lakar. Ya ja ni wurin rufewarsa, babban rumbun laka, cike da gero. A jikinta akwai tsaga, ta kai kamu biyu, daga wuya ta gangaro. Ni da na ga haka a tawa da tuni na kwashe hatsi. A tsakiyar tsagar an liƙa ɗan yaɓe siriri a gicciye, faɗin tafin hannu. Ya ce shekara bakwai ke nan da ta tsage. Ɗansa ya so a rushe a sake gini, ya hana. Kowace kaka yana liƙa sabon yaɓe, sai an yi ruwan fari ya zo ya duba. In tsagar na tafiya, yaɓen zai rabe biyu, ranar zai kwashe gero ba sai ya yi shawara da kowa ba. In bai rabe ba, ya koma gona.

Na ce, "Tsakanin nan ba ka dubawa?"

"In duba in ce mata mi? Shekarar fari kullum ina nan ina ƙwaƙula da farce, ni na ƙara mata faɗi. Ranar dubawa ɗai ce ba ni ƙetarewa, ko ina zazzaɓi."

Sannan ya kama hannuna na hagu, wanda ashe yana bakin kunne ina murzawa ban sani ba, ya sauke shi ƙasa kamar yadda ake sauke hannun yaro daga kwanon miya. Wallahi na ji kunya. Matarsa ta dama mana fura mai tsami, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce bai sayar da kome ba.

Mun juyo ta Maraɗi da hantsi, muka ratsa unguwar Zariya cikin ƴan kabu-kabu masu shiga gabanka ba sallama, muka miƙe Jiratawa inda wan matata yake da fili a gonakin rani. Wanda bai je Jiratawa ba zai ce ƙarya nake: ko'ina ya bushe, nan kuwa kore shar, zogala layi-layi, albasa, tattasai, ruwa yana gudu cikin magudanan siminti. Mata suna tsinkar ganye suna cika buhuna, hannunsu ya fi idona sauri. Wata dattijuwa ta kwaɗa mana zogala da ƙuli-ƙuli, kwano dala ashirin. Na ci biyu. Rabona da ƙari a abinci na manta.

Ba zan ce muku na warke ba. Muna tafiya bisa ɗan tudun da ke tsakanin fangali jiri ya ɗebe ni, ƙafata ɗaya ta faɗa ruwa, gabana ya yanke ya faɗi, na ce shi ke nan ya girma. Wan matata ya riƙe mini gwiwar hannu ya ce, "Irin wanda ka saba ne, ko sabo?" Na tsaya na saurari jikina. Irin na kullum ne, ya wuce kafin takalmi ya tsane. Lokotoro dama ya ce in jiri ya canza, ko fuska ta yi nauyi, kada in jira ranar takarda. Yaɓen bai rabe ba ke nan. A nan ne kuma na lura da wani abu: tun safe wan matata duk inda muka tsaya sai ya zagayo ta damata kafin ya yi magana, bai taɓa sa na ce "iye?" ba, bai kuma taɓa nuna yana yi ba. Shekara ashirin ina ganinsa mai shirun banza.

Mun shigo gida bayan la'asar. Matata ta dubi hannuna ta ce, "Malam, ina maganin?" Na zaro takardar Yamai, ta yi laushi da zufa amma ba ta yage ba. Na ce ta adana ta cikin kwallarta, kada ta nuna mini sai saura kwana bakwai. Wata huɗu ya rage.

Abin da na samo a tafiyar nan bai fi wannan ba: sa ido aiki ne mai ranarsa, sauran kwanaki na noma ne da awo. Gyaren yana nan yana kukansa. Hannun ma yakan tashi da kansa, in na kama shi sai in ba shi tiya.