Tukunyar da Mai Ludayi Ta Shanye

Mai Ludayi ake kiranta, don a bakin tukunyar makarantar kwana ta ƙare ƙarfinta. Dokarta ɗaya ce, ko shugaban makaranta bai isa ya taka ta ba: babu abin da zai shiga bakin yara sai ya bi ta harshenta. Yanzu tsufa ya kwashe mata sunaye da fuskoki. Autarta da ke jinyarta ta koma "yarinyar nan" da aka ɗauko aikin kicin, wadda a ganin tsohuwar ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba.

Da aka fara ganin jini a bayan gidanta, likita ya ce za a leƙa hanjin da na'ura, amma sai an wanke cikin tas da ruwan magani, jarka guda. Karon farko ta datse haƙora, ta ce guba ce, aka sallamo su ba a ga komai ba. Auta ta san in wannan karo na biyu ma ya wuce, sai sun sake bin dogon layi, ciwon kuwa ba zai jira ba. Tsoro take ji ƙwarai.

Da rana ta shimfiɗa leda a katifa, ta bar ƙofar banɗaki a buɗe, ta kawo kofin. Lallashi bai yi ba, rantsuwa ma haka. Ta koma kicin ta yi tsaye, sai idonta ya faɗa kan tsohon ludayin da ke rataye. Ta juye maganin a tukunya, tana jin nauyin ƙaryar da za ta yi.

"Mama, ɗanɗana mini kafin in raba wa yara."

Tsohuwar ta gyara zama, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Ke wa ya koya miki girki? Buhun gishirin kika juye?"

"Shi ke nan da akwai, Mama. In kai musu haka?"

"Ajiye nan. Ba a zubar da abinci, yara kuma ba za su sha wannan ba. Miƙo kofi."

Haka ta dinga sha, ta huta, ta yi faɗa, ta ƙara. Da cikin ya motsa Auta ta riƙe ta zuwa banɗaki, sahu bayan sahu, ta wanke ta, ta shafa mata mai, ta canza mata zane. Wani sahun ba su kai ba. Auta ta goge ƙasa tana cewa ruwan wanke-wanke ne ya zube. Zuwa yamma abin da ke fita ya koma ruwa garau, yadda likita ya so.

Washegari ana tura gadonta zuwa ɗakin gwaji, ta kamo hannun Auta.

"Kin tabbata ko cokali ba ki ba su ba? Akwai autata a cikinsu, 'yar ƙarama. Gishiri yana sa ta amai."

Auta ta sunkuya kusa da kunnenta.

"Ba ta sha ba, Mama. Ke kika shanye mata."

"Yawwa," in ji tsohuwar, ta saki hannun.